Haƙurin Wa Ake Nema?

Duk inda mutum biyu suka saɓa a ƙasar nan, kafin a gama jin abin da ya haɗa su akwai kalmar da za ta riga kowa isowa wurin: a yi haƙuri. Ba ni da faɗa da kalmar. Da ita aka raine mu, da ita ake yi wa mai rashi ta'aziyya, da ita ake sallamar almajiri idan tukunya ta ƙare. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne inda take dosa. Ku lura da kyau a zaman sulhu na gaba da za ku halarta, na cikin gida ne ko na kasuwa ko na ƙofar mai unguwa. Idan miji da mata ne, fuskar wa dattijo yake kallo sa'ad da ya ce a yi haƙuri? Idan ubangida ne da yaron shagonsa fa? Idan uwargida ce da ƴar aikinta, ko wa da ƙaninsa a kan gonar gado? Kusan kullum kalmar kamar ruwan sama take, gangare take bi. Wanda yake ƙasa shi ake roƙo ya haɗiye, wanda yake sama kuwa iyakarsa a ce masa, da murya ƙasa-ƙasa, a riƙa sassautawa.

Aikina gabatar da shiri ne a gidan radiyo, kuma a shirin zamantakewa da masu saurare ke bugo waya na lura da wani abu da ke ta maimaita kansa. Ƙananan, wato matan aure da yaran shago da ƴan kabu-kabu masu biyan kuɗin babur kowace yamma, tambayarsu kusan ɗaya ce: ta yaya zan faɗa masa ba tare da ya ce na raina shi ba? Manyan kuma idan sun kira, bayan abu ya riga ya lalace, maganarsu ita ma ɗaya ce: wallahi ban san yana jin zafi ba, bai taɓa faɗa mini ba. Na yarda da su duka biyun. Ƙaramin bai yi ƙarya ba da ya ce babu ƙofar faɗa, babban ma bai yi ƙarya ba da ya ce bai ji ba. Tambayar da nake son mu tattauna ita ce, tsakanin su biyun wa ya fi ɗaukar alhakin wannan shirun da ya yi ta kumbura har ya fashe?

Kafin amsa sai mun san me ake nufi da babba. Shekaru suna ciki, amma ba su kaɗai ba ne. Babba a cikin rigima shi ne wanda abincin ɗayan yake hannunsa. Shi ne wanda zai iya tafiya ya bar zaman ba tare da ya yi asarar komai ba. Shi ne kuma wanda idan aka kai magana gaban mutane, tasa za a fi gaskatawa tun bai buɗe baki ba. Wannan na ƙarshen ba a cika lura da shi ba, alhali ya fi sauran nauyi. Ƴar aiki da aka ce ta ɗauki jika biyar a ɗaki ta san tun farko cewa rantsuwarta goma ba za ta kai kallon uwargida ɗaya ba. Sannan girman nan ba ya zama wuri guda. Matar da take rawar jiki idan maigida ya yi gyaran murya, ita ce da safe yarinyar da ke yi mata wanke-wanke take rawar jiki a gabanta. Ma'aikacin da shugabansa ya wanke shi tas a ofis, shi ne zai dawo gida babu mai iya tambayarsa kuɗin cefane. Don haka idan na ce babba a rubutun nan, kada mai karatu ya waiwaya yana neman wani. Kowannenmu babba ne a wani ɗaki.

Akwai abin da babba yake saurin mantawa: roƙonsa ba ya isa kunnen ƙarami a matsayin roƙo. Alhaji ya dubi yaron shago da magariba ya ce, "Ko za ka ɗan tsaya ka jira motar kayan nan, in ba damuwa?" A ransa ya nemi alfarma ne, har da ladabi. Yaron kuwa, da mahaifiyarsa ke kwance ba lafiya kuma ya yi alkawarin kai mata magani, abin da ya ji shi ne: tsaya. Ya san shekara shida yana jiran ranar sallama da jarin da aka yi masa alkawari da baki, babu takarda babu shaida, ya kuma san cewa kalmar "ba zan samu dama ba" guda ɗaya tana iya shiga lissafin da ba a rubuta ba. Sai ya ce, "Ba komai, Alhaji." Alhaji ya tafi gida yana yabon yaro mai biyayya. Idan aka tara irin wannan ba komai ɗin guda ɗari uku, ranar da yaron ya ajiye mabuɗi ya tafi, ko ya fara taɓa kuɗin ciniki yana ce wa ransa haƙƙinsa yake ɗauka, Alhaji zai rantse bai taɓa tilasta masa komai ba. A zahiri kuma bai taɓa ba.

Labarin da ya fi haska mini wannan al'amari yana cikin littattafan hadisi, kuma ina mamakin yadda ba a cika jin sa a wa'azin aure ba. Barira baiwa ce a Madina, Nana A'isha ta saye ta ta ƴanta ta. Mijinta Mugisu bawa ne, don haka da ta samu ƴanci sai aka ba ta zaɓi, ta zauna da shi ko ta rabu. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu yana son ta so mai tsanani, ya riƙa bin ta a baya yana kuka har hawaye na jiƙa gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga halin da mutumin yake ciki, ya yi mata maganar ta koma gare shi. A nan ne Barira ta yi tambayar da nake ganin ta cancanci a koya wa kowane yaro. Ta nemi ta san ko umarni ne yake ba ta. Ya bayyana mata cewa ba umarni ba ne, ceto kawai yake yi wa mijin. Sai ta ce to ita ba ta da buƙatarsa. Magana ta ƙare a nan. Ba a ruwaito an yi fushi da ita ba, ba a ruwaito an ce ta yi rashin kunya ba.

Mu dubi tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu. A gefe guda mace wadda jiya-jiya baiwa ce, a ɗaya gefen shugaban al'umma baki ɗaya, wanda da ya ce umarni ne da ba ta da ta cewa. Da ya so, da bai ma buƙaci ya ce umarni ne ba. Da ya bar maganar a dunƙule, ya yi shiru ya bar kwarjininsa ya ƙarasa aikin, kamar yadda yawancinmu muke yi, da ta koma ɗakin da zuciyarta ba ta so. Amma ya rarrabe mata da bakinsa, ya ajiye ƙarfin da yake da shi a gefe don ta samu wurin tsayawa. Akwai wani labarin mai kama da wannan. An kawo masa abin sha, a damarsa akwai yaro ƙarami, a hagunsa dattawa. Bisa ƙa'ida na dama ke fara karɓa. Ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawan, yaron ya ƙi yarda ya bar wa kowa rabonsa, sai ya miƙa masa ƙwaryar a hannu. A unguwarmu yaron da ya yi haka a gaban dattawa, kafin dare labarin rashin tarbiyyarsa ya kai gidan kakarsa.

Ga amsata ke nan ga tambayar da na yi a sama. Alhakin ya fi nauyi a wuyan babba. Dalili kuwa, shi ne kaɗai zai iya rage farashin faɗar gaskiya. Ƙarami yana iya yin ƙarfin hali ya yi magana, amma ba shi ke yanke abin da zai biyo baya ba. Wanda zai yanke ko a'a ɗin nan za ta jawo gaba ta mako biyu, ko rage kuɗin cefane, ko fasa sallama, shi ne wanda ya kamata ya fara nuna cewa ba za ta jawo ba. Kuma faɗa da baki ba ya isa. Shugabanni nawa ne ke cewa ƙofata a buɗe take? Mutane ba ƙofar suke kallo ba, suna kallon abin da ya samu wanda ya shiga ta ƙarshe.

Kakanninmu sun san da wannan matsala, shi ya sa suka haƙa wa ƙarami hanyoyin ruwa na gefe. Habaici yana ciki. Mace tana daka ko tana niƙa tana rera abin da ba za ta iya faɗa wa kishiya ko uwar miji ido da ido ba, kowa a gidan ya gane, amma babu mai iya kama ta, don mai habaici bai ambaci suna ba. Yaji yana ciki, kuma a ganina ya fi yadda ake ɗaukarsa hikima. Matar da ta yi yaji ba ta kashe aurenta ba, ta dai ɗauke maganar daga ɗakin da ba ta da ƙarfi ta kai ta zauren da take da uba da kawu. Sai miji ya zo biko, ya cire takalmi ya durƙusa a gaban surukai, na ɗan lokaci ya ɗanɗana yadda ƙarami yake ji. Wasan barkwanci ma yana ciki, tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, tsakanin Fulani da Barebari ko Zabarmawa da Buzaye, wanda a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya irin na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Abokin wasa yana da lasisin faɗa wa mai kuɗi ko mai sarauta abin da ɗan cikinsa ba zai iya ba, kuma abin kunya ne a yi fushi da shi. Hausawa suka ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa.

Wani masani ɗan Amurka, James Scott, ya zauna a wani ƙauyen manoman shinkafa a Malesiya, ya fitar da littafi a 1985 kan irin makaman da marasa ƙarfi ke amfani da su: jan ƙafa a wurin aiki, yin kamar ba a gane ba, gulma, ƴar sata kaɗan-kaɗan, amsawa da to a gaban mai gida a yi akasin haka a bayansa. Duk wanda ya taɓa riƙe yaran aiki zai ce ai ba sai an je Malesiya ba. Abin da nake so a gane shi ne waɗannan halaye, da muke saurin kira munafunci, yawanci alama ce ta cewa an toshe hanyar gaba. Ruwan da aka datse ba ya komawa sama, ta ƙarƙashin katanga yake bi. Ba ina wanke mai ha'inci ba ne. Ina cewa ne ubangidan da duk yaransa suka zama maƙaryata ya kamata ya tambayi kansa me yake yi wa mai gaskiya.

Sai dai hanyoyin gefen nan suna da iyakarsu, kuma akwai ranar da ba sa ceton kowa. A ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Har yau babu haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka. Babban matuƙin jirgin da ya taso yana cikin manyan masu horar da matuƙa a kamfaninsa, mutum ne da ake ji da shi. Ya fara gudu don tashi alhali ɗaya jirgin bai fita daga titin ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya ji wani abu a na'urar sadarwa da ya sa shi shakka, ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya fita. Babban ya amsa da ƙarfi cewa ya fita, ya ci gaba. Injiniyan bai sake magana ba. Dalilan haɗarin suna da yawa, har da hazo da rikicewar sadarwa, amma wannan ƴar tambaya da aka yi aka haɗiye tana cikin abubuwan da suka sa daga baya kamfanonin jirage suka fito da horo na musamman. Ana koya wa ƙaramin matuƙi ya faɗi damuwarsa a fili ya kuma maimaita, ana koya wa babban cewa sauraron na ƙasa da shi wajibi ne a cikin aikinsa. Ba su bar abin ga halin kirkin mutum ba, sun mai da shi ƙa'ida. Nakan tuna wannan duk lokacin da na shiga motar haya direba yana gudun wuce sa'a, fasinja goma sha takwas kowa na salati a zuci, babu mai cewa uffan don kada a ce ya fiye tsoro.

Shiru ma magana ce, haka ake cewa, amma shirun ba iri ɗaya ba ne. Akwai shirun wanda ya ji ransa ya ɓaci ya janye don kada bakinsa ya yi ɓarna, ya dawo bayan ya huce. Wannan hankali ne. Akwai shirun ƙarami da ba shi da wata mafita. Sannan akwai shirun da babba ke yi da gangan, wanda a gaskiya bulala ce marar sauti. Maigida ya daina amsa gaisuwa, ya daina cin abincin gidan, a tambaye shi laifin me aka yi ya ce babu komai. Gida gaba ɗaya ya shiga zullumi, yara su daina dariya, matar ta yi ta laluben laifinta har ta ba da haƙuri a kan abin da ba ta sani ba. Ya samu abin da yake so ba tare da ya faɗi buƙatarsa ba, balle a auna ta a ga ko tana kan hanya. Mata ma suna yi wa ƴaƴa da ƴan riƙo irin wannan. Addini ya sa wa ƙaurace wa ɗan'uwa iyakar kwana uku, ya kuma fifita wanda ya fara yin sallama. Ni a fahimtata, idan tsakanin babba da ƙarami ne, fara sallamar ta fi kamata ga babban, don shi ba ya tsoron a ƙi amsa masa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce idan aka buɗe wannan ƙofa, kowane yaro ya riƙa tambayar ubansa umarni ne ko shawara, ina kunya za ta kwana? Bin na gaba bin Allah. Za su nuna abin da ke yawo a wayoyi yanzu, gajerun bidiyo masu koya wa matasa cewa duk wanda ya takura maka ka yanke shi daga rayuwarka, ko uwarka ce. Ni ma ba na tare da wannan koyarwa. Ta fito ne daga wuraren da mutum ke da albashinsa da ɗakinsa da inshorarsa, yana iya rayuwa shekara bai nemi kowa ba. A nan kuwa ɗan'uwan da aka ce ka yanke shi ne zai ɗauke ka zuwa asibiti da tsakar dare, shi ne zai karɓa wa ɗanka aure, shi ne zai shiga kabarinka ya daidaita ka. Wani masanin tattalin arziki, Albert Hirschman, ya rubuta a 1970 cewa wanda bai ji daɗin wuri ba yana da hanya biyu, ya fice ko ya yi magana. Inda ficewa ke da arha, mutane ba sa wahalar da kansu da magana. Mu kuwa ficewa tana mana tsada ƙwarai, don haka babu al'ummar da ta fi mu buƙatar magana ta yi sauƙi. Abin takaici shi ne mun sa wa duka biyun tsada, sannan muna mamakin yawan hawan jini da sakin aure na ba-zata.

Manomi ya fi mai bidiyo sanin ma'anar iyaka. Iyakar gona ba katanga ba ce. Layin gamba ne, ko ƴar bishiya, ko dutse da aka kafa. Maƙwabcinka yana tsallakawa ya zo ku sha fura a inuwa, kai ma kana tsallakawa ka taya shi noma ranar gayya. Amfaninta kawai kowa ya san inda garmarsa za ta tsaya. Kuma ana shata ta ne da rani, a gaban shaidu, lokacin da babu abin da ya tsiro. Wanda ya bari sai gero ya yi kai sannan ya ce nan nawa ne, ya nemi faɗa. Dokar karkara ta Nijar ta 1993, da kwamitocin filaye da aka kafa ƙarƙashinta, wannan tunanin ne a bayansu, a fitar da burtali da iyakoki a rubuce kafin dabba ta shiga gona. Abin da ya rage shi ne ba mu ɗauko hikimar mun shigo da ita cikin gida ba. Yaro ya shiga shago babu wanda ya ce shekara kaza, jari kaza. Amarya ta shiga gidan gandu babu wanda ya zaunar da kowa ya ce wane ne ke da hurumin aiken ta, wane ne ba shi da shi. An bar komai ga kunya, kunya kuwa kullum mai ƙarfi take yi wa aiki.

Ƙarami ma yana da nasa nauyin, kada a ce na sauke masa duka. Nauyinsa na farko shi ne ya rarrabe kunya da tsoro, don sau da yawa mukan sa wa tsoronmu rigar kunya mu ji daɗin kanmu. Na biyu ya yi magana da wuri, tun abin yana ƙarami, lokacin da za a iya faɗarsa da murya mai sanyi. Wanda ya tara ɓacin rai na shekara biyar ya zubar da shi rana ɗaya a gaban baƙi, ko da gaskiyarsa, ya ba abokin rigimarsa abin riƙewa, za a bar zancen zaluncin a koma zancen rashin kunyar. Sannan ya faɗi abin da shi zai iya da wanda ba zai iya ba, ya bar karanta wa babba halinsa. "Yaya, bana ba zan iya ba da kuɗin nan ba, kuɗin makarantar yara ya zo" magana ce da wa zai iya haɗiyewa. "Kai kullum sai dai ka karɓa" kuwa ko gaskiya ce ta rufe ƙofa. Kuma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana abin da aka yi masa, don haka kai ƙara ba tonon asiri ba ne. Wanda muke ce wa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mu tuna cikin ma yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Masu shiga tsakani su ne na fi jin haushinsu, wataƙila don aikina ya sa ni kusa da su. Mai sulhu yakan zo da gaggawar a rufe magana kafin la'asar, hanya mafi sauri kuwa ita ce a matsa wa wanda ba zai iya ƙi ba. Sai a kira wannan zaman lafiya. A surar da na ambata, inda aka zo maganar saɓanin ma'aurata, an ce a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Hikimar a bayyane take, kada mai rauni ya zauna shi kaɗai a gaban taron da duk na ɗaya gefen ne. Amma sau nawa muka ga uban yarinya da kansa ya zama lauyan surukinsa, saboda buhun hatsin da ke zuwa duk wata, ko saboda tsoron a ce ƴarsa ta kasa zaman aure? Ta zo yaji da safe, kafin azahar an sa ƙaninta ya mayar da ita, babu wanda ya tambaye ta me ya faru, mijin bai ma san ta fita ba. An kashe yajin, an kashe bikon, an bar mata habaici kawai. Mai sulhun da ke son ya yi adalci, ya fara jin ƙaramin shi kaɗai, inda babban ba ya gani. Idan kuma ya zo ba da haƙuri, ya ba da shi da sharaɗin da aka faɗa a gaban shaidu: ta koma, kai kuma ka daina kaza. Idan babu sharaɗin, bayan wata uku za a sake shimfiɗa tabarmar nan a kan maganar nan.

Wurin da abin ya fi wuya shi ne iyaye, kuma ba zan yi kamar yana da sauƙi ba. Haƙƙinsu ba irin na ubangida ba ne da za a ce a rubuta yarjejeniya. Duk da haka Suratu Luƙman ta nuna akwai abin da ɗa zai ƙi bin iyayensa a kai, a cikin ayar kuma ta ce ya ci gaba da kyautata zama da su. Wato ƙin bin wata magana daban, yanke kyautatawa daban. Khansa'u ƴar Khizamu mahaifinta ya aurar da ita ba da son ranta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, ya warware auren. Ba ta daina zama ƴar mahaifinta ba don ta kai ƙara. A wajenmu yarinyar da ta ce ba ta son wanda aka zaɓa mata, maganar da ake fara jefa mata ita ce za a ɗaga mata nono, ko a ce babu ita babu albarka. Uwar da ta faɗi haka ta san ta ɗauko makamin da babu garkuwarsa, kuma yawanci ba mugunta ce ta sa ta ba, ita ma haka aka yi mata, kuma tana tsoron bakin dangi. Irin waɗannan kiraye-kirayen idan sun shigo shiri nakan tambayi yarinyar ko tana da gwaggo ko kawu ko malamin da mahaifiyarta ke jin nauyinsa. Mafi yawansu suna da shi. Da yawa kuma sukan ce sun riga sun je, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce su yi haƙuri.